Yadda Ake Tattara da Rubuta Tarihin Uwa Mai Bi da Ta Yi Tsawon Rai

Uwar da ta kai shekara tamanin ko casa'in tana bin Ubangiji, ta ga 'ya'ya da jikoki har da tattaɓa kunne, ta san asalin gidan fiye da duk sauran dangi in an haɗa su. Amma sau da yawa tarihin da ake karantawa ranar sujadar tunawa da ita bai wuce layi goma ba: an haife ta, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, mai haƙuri ce, mai tsoron Allah. Duk gaskiya ne. Sai dai za a iya cire sunanta a sa na wata, kuma ba wanda zai lura. Hakan na faruwa ne domin an bar aikin ga mutum ɗaya a daren ƙarshe, ga baƙin ciki, ga baƙi.

A Ayyukan Manzanni sura 9, da wata mai bi mai suna Tabita ta rasu a Yafa, mata gwaurayen da suka kewaye manzo Bitrus suna kuka sun nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Abin da hannunta ya yi suka ɗaga aka gani. Irin wannan tarihin ya kamata ku nema: wanda a cikinsa ake ganin abin da ta yi, da wanda ta yi wa, da lokacin da ta yi shi.

Ku raba aikin tun ranar farko

Mutum uku sun isa. Ɗaya yana zama da mutane yana ɗaukar bayani, ɗaya yana kula da hotuna da takardu, ɗaya yana rubutu. Sai a zaɓi dattijo ɗaya cikin 'ya'yanta wanda maganarsa ce ta ƙarshe kan abin da za a buga. In aka bar kowa yana da ikon gyara, rubutun ba zai taɓa kammala ba.

Idan jana'iza ta kusa, kada ku yi ƙoƙarin fitar da cikakken littafi cikin kwana biyar. Ku shirya gajeren tarihi na karantawa a coci, ku ajiye babban aikin don sujadar godiya ta cikar shekara. Wata shida zuwa tara sun isa a yi shi a tsanake.

Idan tana raye, ku fara da ita

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ku nemi izininta a fili, ku gaya mata cewa don jikoki ake ɗaukar muryarta, kuma duk abin da ba ta so a yaɗa za a cire. Tsofaffi sukan fi sakin jiki da jika fiye da ɗan da suka haifa, don haka babban jika mai natsuwa ya fi dacewa da wannan zama.

Waya ta isa. A kashe hanyar kira don kada a katse ɗaukar, a kashe fanka da talabijin, a shimfiɗa ƙyalle a kan tebur a ɗora wayar kamar santimita 30 zuwa 40 daga bakinta. Ƙyallen yana hana ƙarar tebur shiga. A gwada na rabin minti a saurara kafin a ci gaba, domin muryar tsohuwa ba ta da ƙarfi, kuma ƙarar fankar da kunne ya saba da ita tana iya danne maganar gaba ɗaya. A farkon kowace ɗauka, mai tambaya ya faɗi kwanan wata da sunayen waɗanda ke wurin.

Zama ɗaya kada ya wuce minti 45 zuwa awa guda, kuma da hantsi ya fi, kafin gajiya ta kama ta. Zama uku ko huɗu a makonni daban-daban sun fi doguwar hira ɗaya, saboda tsakanin zama da zama takan tuna abubuwan da suka shige mata.

Tambayar da ake amsawa da "e" ko "a'a" ɓata lokaci ce. Haka ma babbar tambaya irin "Mama, ba mu labarin rayuwarki", domin ba ta san ta ina za ta fara ba. Ku tambayi ƙananan abubuwa:

"Kaka, wa ya fara kai ki coci, kuma yaya wurin yake?"
"Ranar da aka yi miki baftisma, wa ya yi miki, su wa aka yi muku tare?"
"Wace waƙa kike rerawa in abu ya dame ki?"
"Wace shekara ce ta fi miki wuya, me ya riƙe ki?"
"Cikin addu'o'inki, wacce kika daɗe kina jiran amsarta?"

In ta yi shiru, ku ƙyale ta. Ku ƙirga biyar a zuci kafin ku sake magana. Sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun nan shi ne mafi daraja a zaman. Kada kuma ku gyara mata kuskure tana cikin magana. Ku rubuta a gefe, ku bincika daga baya.

Idan ta riga ta huta cikin Ubangiji, ku bi tsarin nan da waɗanda suka san ta, kuma ku fara da mafi tsufa: ƙannenta, ƙawayen ƙuruciyarta, tsofaffin zumuntar mata ta coci, faston da ya daɗe da saninta ko da ya yi ritaya. 'Ya'yanta sun san ta a matsayin uwa kawai. Shekarunta ashirin na farko suna bakin waɗancan tsofaffin, su ma kuwa lokacinsu ba shi da yawa. Ku zauna da kowa shi kaɗai, domin in aka tara su, mai ƙarfin murya ne zai mamaye hirar, sauran su bi shi.

Rubuta hirar awa ɗaya kalma da kalma yakan ci awa huɗu zuwa shida. Ba lallai ne a rubuta duka ba. A saurara sau ɗaya a yi jadawali: minti na 12, labarin baftisma, minti na 31, rasuwar mijinta. Sai a kwafe wuraren da za a yi amfani da su kawai.

Shekaru da sunaye

Nan ne aka fi samun saɓani, nan kuma ya kamata ku fi daɗewa. Shaida hawa uku ce. Mafi ƙarfi ita ce takardar da aka rubuta a lokacin da abin ya faru: katin baftisma, takardar aure, rajistar coci, rubutun da ke shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gidan. Ta biyu ita ce tunanin mutum da ya rataya ga wani abu sananne, kamar "shekarar da aka haifi ɗan fari". Ta uku ita ce "an ce". In biyu suka ci karo, ku bi ta sama.

Ku yi hattara da katin shaida ko fasfo da aka yi mata da tsufanta. Ga mutanen da ba a rubuta haihuwarsu ba, shekarar da ke kan irin wannan takarda sau da yawa kintace ce. Ku lura kuma da bambancin ikilisiyoyi: inda ake yi wa jarirai baftisma, ranar baftisma tana kusa da ranar haihuwa, inda sai mutum ya girma ya ba da gaskiya ake yi masa, ratar na iya kai shekara ashirin ko fiye.

In ba takarda, ku yi lissafi ta baya. A ce an haifi ɗanta na fari a 1958, ta yi aure shekara ɗaya kafin nan, ƙanwarta kuma ta ce ta kusa ashirin amma ba ta kai ba a lokacin auren. Haihuwarta ta faɗa tsakanin 1938 da 1940. Sai ku rubuta "wajen 1939". Kalmar "wajen" ba abin kunya ba ce. Ƙara mata shekaru don a ce ta cika ɗari ba ya ƙara mata daraja, kuma jikan da zai zo ya yi lissafi nan gaba zai daina yarda da sauran abin da kuka rubuta.

Ƙidayar zuriya kada a yi ta da ka. A ja jadawali, kowane ɗa da layinsa, a ƙarƙashinsa 'ya'yansa da jikokinsa, a aika wa kowane gida ya tabbatar da nasa sunaye da yadda ake rubuta su. A nuna waɗanda suka rasu daban. 'Ya'yan da suka riga ta tafiya, ko da jarirai ne, a ambace su, domin ita ba ta taɓa cire su daga lissafinta ba. Waɗanda ta riƙa ba ita ta haife su ba, 'ya'yan dangi, marayu, 'ya'yan miji, a tambaye su yadda suke so a rubuta su. Suna ɗaya da aka manta a wannan shafi yana iya haifar da ɓacin ran da zai daɗe fiye da littafin kansa.

Littafinta Mai Tsarki, takardu da hotuna

Littafin da ta yi shekaru tana karantawa shi ne shaida mafi kusa ga bangaskiyarta. Ku ɗauki hoton shafin farko, da duk shafin da ta ja layi ko ta yi rubutu a gefe. Takardun da ta soka a ciki, ku rubuta shafin da kowacce take kafin ku cire, domin wurin da ta sa su yana da ma'ana. In bangon ya yage, kada ku yi gaggawar kai wa mai ɗaurin littafi: yawanci yakan datse gefen shafuka don su daidaita, rubutun hannunta ya tafi tare da abin da aka datse. Ku naɗe shi a tsabtataccen ƙyallen auduga ku sa a akwati. In ba ta iya karatu ba, ku tambayi wanda yake karanta mata wuraren da take yawan cewa a maimaita, da ayoyin da ta haddace.

Tsofaffin hotuna ƙanana a kwafe su da sikana a dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci. Takardu da manyan hotuna, 300 ya isa. Hoton da za a buga da faɗin santimita 10 yana buƙatar fiksel (ƙananan ɗigon da suka haɗa hoto) kusan 1,200 a faɗinsa, in ya gaza haka zai fito dishi-dishi. Dalilin da ya sa hotuna da yawa suke lalacewa a bugu shi ne WhatsApp yana matse hoto in an tura shi ta hanyar da aka saba. Ku ce wa dangi su turo shi a matsayin fayil. In ba sikana, a ɗauka da waya kusa da taga da rana, ba tare da walƙiyar kyamara ba, wayar tana daidai saman hoton ba a karkace ba.

Hoton da ya manne da gilashin firam, kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauke shi yadda yake. Kada a sa salatif, kada a rubuta da biro a baya. Fensir mai laushi ya isa a rubuta sunaye da shekara a gefe. Katin baftisma da takardar aure kada a manne su da ledar zafi, domin ba a iya cirewa, kuma zafin da gam ɗin suna ɓata takarda. A sa su a ambulan, a ajiye inda babu danshi.

Kowane hoto a nuna wa tsoho ya faɗi waɗanda ke ciki, daga hagu zuwa dama, a rubuta nan take.

Rubutun kansa

Mai karatu a gaban jama'a yakan karanta kalma 120 zuwa 130 a minti. Tarihin minti biyar ke nan kalma 600 zuwa 650. Ku tsaya a nan don karatun coci. Cikakken labari ya tafi cikin littafi.

Ku bi tsarin shekaru, shi ya fi sauƙin bi da kunne: haihuwa da iyaye, ƙuruciya, yadda ta zo ga bangaskiya, aure da 'ya'ya, sana'arta, hidimarta a ikilisiya, tsufa, rasuwa, waɗanda ta bari. Ba dole kowane sashe ya yi tsawo ɗaya ba. In shekarun da ta yi gwauruwa tana renon yara su ne zuciyar labarin, ku ba su rabin wurin.

Ƙa'ida ɗaya ku riƙe: duk inda kuka rubuta sifa, ku tambayi kanku, da me muka sani? In kun rubuta "mai addu'a ce", amsar na iya zama cewa tana tashi kafin gari ya waye ta kira sunan kowane jika ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya kwana a ɗakinta ya ji. To, wannan za ku rubuta, ku share sifar. In kun rubuta "mai karɓar baƙi ce", ku faɗi wanda ya zo kwana biyu ya shekara uku a gidanta. Abubuwa uku ko huɗu irin waɗannan sun fi sifofi ashirin. Ku sa maganarta guda ɗaya ko biyu yadda take faɗa, da harshen da take faɗa, ba tare da an gyara mata ba. Wanda ya san ta zai ji muryarta nan take.

Kada ku mai da ita mala'ika. Mace mai faɗa ce? Jama'ar da ke zaune sun sani. Ana iya cewa ba ta ɓoye gaskiya ko da za a ji haushi, kuma hakan gaskiya ne. Tarihin mai bi shaida ce ta alherin Allah a rayuwar mutum mai rauni, in aka goge raunin gaba ɗaya, alherin ma ba ya fitowa. Amma akwai abin da ba na bagade ba ne: rikicin gado, auren da ya mutu da ɗaci, laifin wanda yake raye. Ma'aunin shi ne, in abin ya shafi mai rai, a nemi yardarsa; in bai yarda ba, a bari. Cutar da ta yi ajalinta ma ba sai an fayyace ba, "bayan doguwar jinya" ya wadatar.

In an gama, wani ya karanta da ƙarfi ana duba agogo. Duk jimlar da numfashi ya yanke a tsakiyarta, a raba ta biyu.

Tsarin sujada

Ku ga fasto ko limamin cocinku da wuri, domin kowace ikilisiya da tsarinta. Wasu suna barin dangi su yi shaida a cikin sujada, wasu sai a ƙarshe ko a wani taro daban. Ku kai masa tarihin kwana biyu ko uku kafin ranar don wa'azinsa ya dace da rayuwarta.

Ayar da ta fi so ita ce ta farko a zaɓi. Bayan ita, akwai wuraren da suka dace da wadda ta tsufa cikin bangaskiya. Zabura 90:10 tana maganar shekara saba'in, ko tamanin ga mai ƙarfi. Zabura 92:14 tana cewa masu adalci suna ba da 'ya'ya har cikin tsufa. Ishaya 46:4 alkawarin Allah ne na ɗaukar mutanensa har furfura. A 2 Timoti 1:5 Bulus ya tuna bangaskiyar da ta fara zama a zuciyar kakar Timoti, Loyis, da mahaifiyarsa, kuma wannan ita ce ayar da ta fi dacewa da uwar zuriya. Luka 2:36-38 na ba da labarin Hannatu, tsohuwar da ba ta rabuwa da Haikali. Don ta'aziyya, 1 Tasalonikawa 4:13-18. Karin Magana 31 kusan kowa ita yake zaɓa. Tana da kyau, amma in za a karanta ta, a ɗauki ayoyin da suka yi kama da ita da gaske. Karatu biyu ko uku sun isa.

Waƙoƙi kuwa, waɗanda take rerawa za a sa, ko da tsofaffi ne. A gaya wa mawaƙa mako guda kafin lokaci, domin matasa na iya rashin sanin muryar tsohuwar waƙa, a kuma buga baitocin don kowa ya bi.

Masu shaida kada su wuce huɗu ko biyar, kowa minti uku, wato kalma kusan 370 a rubuce. A raba musu fanni tun da wuri: ɗa ya yi maganar gida, jika ya yi ta tsufanta, 'yar zumunta ta yi ta hidima, maƙwabci ya yi ta zaman tare. In ba a raba ba, duka biyar za su faɗi abu ɗaya. Kowane mai magana a tanadar masa wanda zai tsaya kusa, ya karɓi takardar ya ƙarasa in kuka ya ci ƙarfinsa.

Bugu da ajiya

Ɗan littafin da ake naɗe takardar A4 biyu ta zama A5 yana tafiya ne da shafi huɗu-huɗu: 8, 12, 16, 20. In rubutunku ya kai shafi 13, ko ku rage ɗaya ko ku cika uku. Girman harafi kada ya gaza 12, na waƙoƙi 14, domin tsararrakinta ne za su fi son karantawa, idanunsu kuwa sun raunana. Ku kai wa maɗaba'a fayil na PDF, in ba haka ba haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ suna iya rikiɗewa a wata kwamfutar. Ku nemi a buga kwafi ɗaya na gwaji, mutum biyu da ba su sa hannu a rubutun ba su duba, ɗaya yana karanta sunaye da shekaru da ƙarfi, ɗaya yana bin jadawalin asali. Ku ware kwafi ashirin tun kafin a fara rabo, don dangin da ke nesa da kuma ma'ajiyar coci.

Muryoyi da hotuna a ajiye su wuri uku: a kwamfuta, a filash ko faifan ajiya da ke wani gida daban, da kuma ma'ajiyar intanet da aƙalla mutum biyu suka san kalmar sirrinta. Kowane fayil a ba shi suna mai ma'ana, da shekara da abin da ke ciki. Sau ɗaya a shekara a buɗe a tabbatar suna aiki. In akwai tsohon kaset mai muryarta, a mai da shi fayil da wuri. Wanda ya yi fumfuna kada a sa shi a rediyo, a kai wa wanda ya san aikin.

Ranar sujadar, ku ba wani matashi littafin rubutu ya zauna kusa da ƙofa. Mutane za su zo da gyara da ƙari: wannan ya ce shekarar auren ba haka take ba, waccan ta ce ita ce yarinyar da ke gefen hoto, wani kuma ya kawo labarin taimakon da ta yi masa wanda ko 'ya'yanta ba su sani ba. A rubuta sunan kowa da lambar wayarsa, a neme su cikin wata guda, a shigar da abin da aka tabbatar a cikakken littafin cikar shekara.